Bayardo Mairena da Zakaran Siminti

Ranar da na fara taɓa wikin unguwarmu, wato kundin intanet ɗin da kowa ke iya gyarawa, da hannuna, kashe kaina na yi. Ba da gangan ba. Lambar wayata na je canzawa a shafina, shafin da ke cewa Chombo mai yankan makulli yana nan bakin kasuwa, sai na tarar da rubutu cunkushe da alamomin baka-baka da sanduna kamar an kifar da gwangwanin ƙusa. Na ga wasu baka biyu sun tsaya mini a hanya, na share su, na adana, na koma kan aikina ina jin kaina ɗan zamani. Kafin rana ta take, shafina ya zame ya faɗa cikin jerin mutanen unguwa da suka rasu. Doña Chilo mai soye-soye ta aiko wa matata kofi da burodi na zaman makoki. Matata ta karɓa, ta ci burodin, sannan ta zo kasuwa ta duba ko ina nan.

Wanda ya tashe ni daga matattu shi ne Bayardo Mairena. Ni na riƙe masa 'yarsa ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna compadre, shi ya sa kuma nake da ikon ba da labarinsa ba tare da na rage masa komai ba.

"Compadre, wa ya ce ka taɓa bakan?" in ji shi.

"Sun tsaya mini a hanya."

"Ginshiƙin ɗakinka ma ya tsaya maka a hanya. Je ka cire shi."

Bayardo ɗan tela ne. Lokacin da girgizar ƙasa ta kwantar da tsakiyar Managua, babban birninmu, shagon ubansa, Don Heriberto, shi kaɗai ya rage a tsaye a layinsu. Ba ƙarfin gini ba ne. Katako ne da kwano, ba shi da nauyin da zai faɗi da shi. Tun daga nan duk kwatancen unguwa daga wannan kwanar yake tashi. Daga shagon tela Mairena, layi biyu wajen tafki. Daga shagon tela Mairena, layi ɗaya sama, gida mai koriyar ƙofa. Mu ba ruwanmu da sunan titi ko lambar gida. Tafki shi ne arewarmu, sama inda rana ke fitowa, ƙasa inda take faɗuwa, abin da ya rage kuma ka tambayi mai sayar da lemo.

Haka yaron ya tashi yana jin sunan gidansu a bakin kowane direban tasi, har ya ɗauka su wasu ne a ƙasar nan. Uban ya zaunar da shi a kan keke. Wandon farko da ya ɗinka, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kuma da mai wandon ya yi magana, Bayardo ya ce masa tsayuwarsa ce ba daidai ba. Daga wannan ranar Don Heriberto ya gane cewa ɗansa ba tela ba ne, mutumin kwamfuta ne, don su ne kullum laifin yake wajen mai amfani da kaya. Ya tura shi ya koyo. Ya buɗe shagon intanet, ya yi tashe na ɗan lokaci, har wayoyin hannu suka zo suka kwashe masa mutane suka bar masa kujeru. Yanzu yawo yake ofis-ofis da jaka a kafaɗa, yana zaro takardar da ta maƙale a injin buga takardu, yana yi wa sakatarori jawabi kan yadda duniya za ta kasance nan gaba.

Da Don Heriberto ya rasu, Bayardo ya sayar da kwanar. Wannan ba ya son a tuna masa, shi ya sa na rubuta. Wanda ya saya mai soya kaji ne, ya rushe katakon, ya yi gini, ya kafa wani zakaran siminti a bakin titi wanda ya fi mutum tsawo, rawaya ɗau, da jan zanko a ka, ido ɗaya ya ɗan karkace kamar yana ƙyasa mata. Kwatance ya koma "daga inda shagon tela Mairena yake a da." A garin nan wannan ba faɗuwa ba ce, ƙarin girma ne, don rabin gidajen Managua daga abin da babu shi ake kwatanta su. Bayardo ya riƙe wannan da hannu biyu. Shago ya tafi, keke ya tafi, almakashin ma wani ƙanin uba ya ɗauke. Abin da ya rage masa na ubansa sunan nan ne a bakin mutane, kuma ya san in ya fita daga baki, shi ne ya binne tsohon sau biyu.

Shi ya kafa wikin, da kwamitin unguwa suka ce suna son wuri ɗaya da mutum zai duba ya sami mai gyaran famfo, da ungozoma, da mai gyaran fanka, da wanda ya mutu. Kowa da shafinsa, kowane shafi da fom ake cika shi. Sai dai manhajar daga ƙasashen sanyi ta zo, inda kowane gida yake da lamba kamar fursuna. Fom ɗin gurbi biyu ya ba adireshi, sunan titi da lambar gida, kowanne da jan tauraro, in ba ka cika ba ba ka wucewa. Doña Chilo ta rubuta sunan titi "namu," lambar gida "babu." Mai gyaran fanka ya sa shekarunsa. Kuma da zarar an adana, fom ya ɓace. In kana son gyara, sai ka shiga dajin baka-bakan nan da ya kashe ni.

Mutuwata ce ta zaburar da shi. Ya ce zai rubuta wani ƙari ya liƙa wa manhajar, yadda ko kaza ta taka waya za ta iya gyara shafinta. Ya shiga ɗaki. Damina ta zo ta same shi a ciki. Matarsa Migdonia takan zo kasuwa ta tsaya a teburina tana huci.

"Compadre, ka ga mutuminka kuwa?"

"Ai ke kike kwana gida ɗaya da shi."

"Ƙeyarsa nake gani. In na ajiye masa shinkafa da wake sai ya ce ‘an adana.’ Jiya rufin bayan gida ya yi yoyo, ya ce in rubuta masa a shafin ƙorafi."

Gaskiya dai, abin da ya fito da shi ya yi kyau, kuma faɗin haka yana mini ciwo. A saman kowane shafi ya sa maɓalli ƙato, "Gyara da fom." Ka taɓa, gurabe su buɗe da manyan haruffa, babu baka ko ɗaya. Ya kori sunan titi da lambar gida, ya kawo namu: daga ina, layi nawa, wajen ina, launin ƙofa. Gurbin "wajen ina" ka taɓa shi, tafki da kudu da sama da ƙasa su sauko ka zaɓa. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa shi ne wuraren kwatance. Kowanne ya ba shi shafi ɗaya tak, sauran shafuka daga can suke ɗauko sunan. In gidan mai ya canza suna, ka gyara a wuri ɗaya, duk gidajen da ke kwatance da shi su bi a take. Ya nuna mana wannan ya fi a ƙirga, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Ni na fara lura da abin da ke ƙasa. In ka buɗe sabon fom, kafin ka taɓa komai, gurbin "daga ina" ya riga ya cika kansa: inda shagon tela Mairena yake a da. In ka nace ka buɗe jerin, Don Heriberto ne a sama, coci na biye da shi, kasuwa can ƙasa. Mutanenmu kuwa abin da suka tarar a gurbi shi suke bari. Sai ga gidan da ke jingine da katangar coci ana kwatanta shi daga shagon tela, a yi tafki, a yi sama, a dawo kudu, kamar ana gudun 'yan sanda.

"Compadre," na ce masa, "ubanka ya riga Ubangiji a jeri."

"Tsarin haruffa ne."

"Wane harafi ne yake sa Mairena gaban coci?"

"Kai dai yanka makullinka."

A lokacin ya zama mai wa'azi. Duk inda ya zauna sai ya ce wiki na kowa ne, babu maigida babu bara, wanda ya ga kuskure ya gyara, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Ya bi tsofaffi gida-gida yana koya musu. Doña Chilo ya fi ba wa lokaci, don ita ce shugabar kwamiti, kuma ta haura saba'in, in ta iya kowa ya iya. Yana zaune gefen kaskonta, tana juya nama da soyayyar ayaba, yana riƙe mata yatsa yana ɗora shi kan maɓalli. Ranar da ta gyara lokacin buɗe shagonta da kanta, sai da ya yi ƙwalla. Ya ce aikinsa ya cika.

Aikinsa kuwa ya cika, har ya zuba. Doña Chilo ta fara aika abinci ta hannun masu babur, waɗanda ke zuwa daga wasu unguwanni da akwati a baya. Ba su san tela ba, ba su san inda yake a da ba. Su tsaya a kwanar, ƙarƙashin zakara, su kira ta.

"Doña, ina telan yake?"

"Ya mutu, ɗana."

"To Allah ya ji ƙansa. Ina shagon?"

"Babu shi. Daga inda yake a da za ka ƙirga."

"Doña, ni zakara nake gani."

Kafin a gama wannan ta'aziyyar nama ya sandare, cuku ya zama roba, mai saye ya rubuta baƙar magana. Wata safiya ta ɗora tabarau a kan hanci, ta goge mai a gefen siket, ta buɗe shafin wurin kwatancen, ta taɓa maɓallin da aka koya mata. Ta share sunan, ta rubuta "Zakara." Ta adana. A take duk unguwa ta tashi daga inda shagon tela yake a da, ta koma ƙarƙashin zakaran siminti, har da gidan Bayardo kansa.

Yana durƙushe gaban injin wani ofis ya gani a waya. Abin da ya fara zo masa shi ne an yi musu kutse daga waje, wasu maƙiya daga wata ƙasa. Ya buɗe tarihin shafin, inda ake ganin wanda ya yi gyara, ya tarar da sunan ɗalibarsa. Ya mayar da ubansa da hannu mai baƙin tawada. A gurbin dalili ya rubuta, "Gyaran ɓarna."

Kafin ya iso gida ta sake mayar da zakara. Dalili: "Nama yana hucewa."

Ya mayar. "Tarihin unguwa."

Ta mayar. "Ka soya tarihin ka ci."

Unguwa ta sami abin kallo. Mutanen da ba su taɓa buɗe wikin ba suka koyi duba tarihin shafi. Teburina ya cika da masu leƙen waya, ba mai yanka makulli ko ɗaya. Da safe kana zaune a inda tela yake a da, da rana kana bayan zakara, ba ka motsa daga kujerarka ba. Mai gyaran fanka ya ce shi yanzu sai ya duba waya kafin ya gaya wa mutum inda gidansa yake.

Sai wata rana gurbin sunan ya yi toka-toka. Ka taɓa, ba ya motsi. Kowane gurbi a wikin yana buɗewa ban da wannan, kuma sunan da ya daskare a ciki na Don Heriberto ne. Bayardo ya ƙara 'yan layuka a cikin ƙarin nasa, ya kulle gurbin ga kowa sai shi. Ya gaya wa kansa na ɗan lokaci ne, har hankula su kwanta. Ya gaya wa mutane matsala ce daga manhaja, ya rubuta wa masu ita, ana jiran amsa.

Doña Chilo ba ta jira amsa ba. Ta same shi a ƙofar gida da ludayi a hannu.

"Bayardito."

Mutum mai furfura a gemu, in aka kira shi haka, ya san ba alheri.

"Doña Chilo, ai ina kan bincike, abin daga can sama ne..."

"Daga sama ko daga ƙasa ko daga tafki, ni ban sani ba. Kai ka ce mini babu maigida. Ka riƙe yatsan nan nawa ka ce in na ga kuskure in gyara. Na gani, na gyara. Yanzu cutar da ta kama manhaja ta tsallake gurabe duka ta sauka a kan ubanka kaɗai? Ranar Lahadi bayan coci, a tsakar gidana. Ka zo da kwamfutar."

Aka jera kujerun roba ƙarƙashin mangwaro. Bayardo ya zo da farar riga da ubansa ya ɗinka, wadda ta daina rufe masa ciki tun tuni. Ya miƙe ya yi magana, kuma na rantse ya yi ƙoƙari. Ya ce Don Heriberto ya ɗinka wa rabin mazan da ke zaune nan kwat ɗin aure, ya ɗinka wa iyayen sauran wanda aka binne su da shi. Ya ce lokacin da gari ya zama tarkace, da wannan shagon mutane suka gane hanyar gidajensu. Ya ce unguwar da ta sayar da tsohonta ta sayi kaza, wata rana za ta nemi kanta ta rasa. Wasu tsofaffi suka gyaɗa kai. Ya ga haka ya ƙara wuta.

"Kuma zakaran nan siminti ne! Gobe mai kaji ya karye, a zo da guduma a farfasa shi. Sai ku ce me?"

"Sai mu ce inda Zakara yake a da," in ji Doña Chilo. "Gurbi ɗaya ne. Ai ka sauƙaƙa mana, Allah ya yi maka albarka."

Aka yi dariya. Ya ce ba ta san darajar mutumin ba. Nan ya yi kuskure.

"Ni? Heriberto ya auna ni da tef tun ba a haife ka ba, kuma ba sau ɗaya ba, kuma ba kullum ne akwai yadi ba. Kar ka koya mini darajarsa. Ni tambaya ɗaya gare ni, ɗana. Zakaran nan da ƙafarsa ya zo? Wa ya sayar wa mai kaji kwanar?"

Bayardo ya duba ƙasa, ya duba rigarsa, ya ja gefenta ya rufe cibiya. Abin da ya shiga ɗaki tsawon damina don kada ya ji, shi aka faɗa masa a gaban mai gyaran fanka.

Aka ce masu son zakara su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi kamar ana rabon nama. Migdonia ta ɗaga nata tana kallon mangwaro. Ni ma na ɗaga, don ina da masu babur da ke kawo mini aiki, kuma zumuncin baftisma bai hana mutum cin abinci ba. Masu son tela su uku ne: Bayardo, da wani tsoho da bai ji tambayar ba, da mai kajin kansa, wanda ya ce shi ba ya son rigima.

Ya buɗe kwamfutar a kan cinya, ya cire layukan da ya ƙara. Gurbin ya yi fari. Doña Chilo ta miƙo hannu za ta rubuta, ya ce a'a, shi zai yi. Ya share sunan harafi bayan harafi, daga ƙarshe zuwa farko, a hankali, yana fatan intanet ta yanke, ita da take yankewa in an yi tari da ƙarfi. Ranar ba ta yanke ba. Ya taɓa maɓallin, kuma da yake aikin nasa mai kyau ne, ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Wayoyi suka fito daga aljihu, kowa ya duba gidansa ya ga ya koma bayan zakara. Aka tafa masa. Doña Chilo ta cika masa faranti ta ce kyauta ne.

Na raka shi gida, yana riƙe da farantin bai taɓa ba. Muka zo kwanar, zakaran yana kallonmu da karkataccen idonsa. Mutumin kirki da ya yi shiru. Ni kuwa bakina ba ya zama.

"Compadre, ka gai da sabon babanka mana. Ga shi ma ya fi tsohon tsawo."

Ya tsaya, ya dube ni daga hula har takalmi.

"Ubana yana kabari, amma sai da unguwa ta taru, aka jera kujeru, aka ɗaga hannu, kafin a iya matsar da shi. Kai kuwa da ranka da lafiyarka, compadre, ko karen unguwar nan bai taɓa yin kwatance da kai ba."